Tambayi Malamin Gona: Inabi da Ranar Adar

Wasiƙun wannan wata inabi ya cinye su, daga nan Tahoua, daga Yamai, har daga Ƙonni. Na zaɓi biyar, na rage tsawon wasu saboda fili. Wanda ya aiko ɗaya ya daure ya karanta sauran, don amsar wani tana cikin ta wani.

Daga wani Alhaji mai garka a kwarin Tadis, Tahoua: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan da na dasa inabi, irin da wani direba ya kawo mini daga Agadas. Bana ya yi nono sosai, har maƙwabta na zuwa kallo. Sai yarona ya gani a waya cewa manoman Faransa suna tsinke ganye don rana ta bugi ƴaƴan su yi zaƙi. Muka tsinke a ƙarshen Maris. Kafin mako ya zagayo duk gefen yamma ya ƙone ya yamutse, wanda ya tsira kuma lami, ba zaƙi ba tsami. Ƙarya aka rubuta, ko mu ne ba mu iya ba?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da alheri, asarar itacen da aka shekara uku ana jira tana da ciwo. Ba ƙarya aka rubuta ba. Gaskiya ce, amma ta mutanen da rana take yi wa rowa. Yankin Bordo na Faransa, inda ake noman inabin giya, yana samun hasken rana wajen awa 2000 a shekara, mu nan muna haura 3000. Inabinsu a watan Satumba yake nuna, lokacin da zafi ya fara janyewa, raɓa na sauka, ruwan sama na iya zuwa kowace rana, kuma babban abin tsoronsu ruɓewa ne. Shi ya sa suke buɗe ganye, iska ta ratsa, rana ta busar da nonon. A kwarin kogin Mosel na Jamus, saboda neman rana, a jikin tudu mai tsananin gangara suke dasawa, gefen da ke fuskantar kudu, inda tarakta ba ta iya hawa sai aikin hannu. Su bin rana suke yi. Kai kuwa a Tadis, a ƙarshen Maris, ita ce take bin ka.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne, rana abu biyu take saukowa da shi, haske da zafi, kuma inabi ba ɗaya yake karɓarsu ba. Haske na ganye ne. A cikin ganye ake haɗa sukari daga iska da ruwa da haske, sannan a tura shi ta jijiyoyin reshe zuwa ƴaƴa. Ganye shi ne madafa, ƴaƴa rumbu ne kawai. Ranar da kuka tsinke ganye madafar kuka rushe, kuka bar rumbu tsirara a rana. An auna, kilo ɗaya na inabi yana buƙatar ganye mai shan haske wajen murabba'in mita ɗaya kafin ya nuna yadda ya kamata. A aikace, reshen da ke ɗauke da nono madaidaici ya kasance da lafiyayyen ganye 12 zuwa 15.

Ganyen ma ba duk ranarmu yake iya amfani da ita ba. Da ya samu wajen kashi ɗaya cikin uku na hasken tsakar rana ya ƙoshi, ƙarin ba ya ƙara masa kome. Aikinsa ya fi kyau tsakanin digiri 25 da 30. Da an wuce 35 sai ya fara ja da baya, a wajen 40 kuwa ƙananan ƙofofin da ke bayan ganyen, waɗanda yake shaƙar iska da su, sai su rufe don kada ruwan jikinsa ya ƙare. Ke nan a bazararmu, daga fitowar rana zuwa hantsi itacen yake aikin kirki, sauran yinin jimrewa kawai yake yi.

Ganye dai yana da hanyar sanyaya kansa, yana fitar da ruwa. Ɗan inabin da ya fara laushi ba shi da ita sosai, fatarsa a rufe take da wani siririn kaki, wannan farin da kake gogewa da yatsa. Wanda rana ke duka kai tsaye yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 10 ko fiye, baƙi kuma ya fi fari ɗauka. Ka lissafa da kanka: in iska na 41 bayan azahar, cikin ɗan inabin ya haura 50. Dahuwa ke nan. Gefen yamma ne ya ƙone maka domin ranar safe tana samun nonon da sanyin dare a jikinsa, ta la'asar kuwa tana tarar da shi ya riga ya kwashi zafi tun hantsi.

Wanda ya tsira ya zama lami ne don an cuce shi ta fuska biyu. Sukari bai shigo ba saboda ba ganye. Tsami kuma ya fice, domin tsamin inabi iri biyu ne: akwai tartarik mai zama daram, akwai malik wanda ɗan yake ƙonewa a numfashinsa yayin nuna, zafi kuma na hanzarta ƙonewar. Daɗin inabi kuwa a haɗuwar zaƙi da ɗan tsami yake.

Su Faransawan ma sun fara ɗanɗanar abin da muke ciki. Ranar 28 ga Yuni 2019 zafi ya kai digiri 46 a yankin Hérault na kudancin ƙasar, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a Faransa, gonakin inabi suka ƙone a yini ɗaya, ganye da ƴaƴa, waɗanda ba a daɗe da fesa musu farar wuta ba suka fi jin jiki. Na kawo wannan ne don na san masu garka da yawa suna barbaɗa farar wuta saboda farar fumfunar da ke hawa ganye. Magani ne mai kyau, amma na lokacin ɗari, da yamma. A kwanakin zafi shi kansa wuta ne.

Ba ina cewa kada a taɓa ganye sam ba. Ana ragewa, amma kaɗan, kuma da wuri, lokacin da ƴaƴan suke ƙanana, kore, masu tauri. A lokacin fatarsu tana iya sabawa da haske, tana tara sinadarin da ke kare ta. Wanda ya girma a inuwa har ya yi laushi sannan aka yaye masa ganye farat ɗaya, shi ne ke ƙonewa. Ka cire ganyen ciki wanda ya fara rawaya da wanda ya manne da nonon, daga gefen gabas kaɗai. Gefen yamma da saman nonon ka bar su rufe. In ganyen bai isa ba, kafa zana a yamma, ko ka sa wa kowane nono riga ta takarda mai tsabta, a buɗe ta ƙasa. Manoman kwarin Vinalopó a Sifen da haka suke fitar da inabinsu na ci. Ban da leda, leda tana dafa shi. Amma babban gyaran yana cikin amsar mutanen Ƙonni da ke ƙasa, domin tun farko bai kamata bazara ta iske ƴaƴa a kan itacenka ba.

Daga wata Hajiya a unguwar Gamkalle, Yamai: Malam ina wuni. Ina da inabi a tsakar gida, ya rufe rumfa ruf, ganye kore shar, muna shan inuwa. Ina ba shi ruwa safe da yamma, ina zuba masa takin ure duk wata. Shekara huɗu, nono biyu rak na taɓa gani. Akwai babban mangwaro a gefensa. Maƙwabciyata ta ce namiji na dasa. In sa a sare shi?

Lafiya lau, Hajiya. Don Allah kada ki sare. Irin inabin da ake nomawa don ci, kusan dukansa furen ɗaya ke ɗauke da namiji da mace, kuma tunda naki ya taɓa yin nono biyu, maganar namiji ta faɗi. Kulawa ce ta yi masa yawa, haske ya yi masa kaɗan.

Ga abin da yawancin masu inabi ba su taɓa ji ba. Nonon da za ki gani bana, ba bana aka ƙulla shi ba. A gindin kowane ganye akwai ido, kuma tun reshen yana kore, watanni kafin idon ya tsiro, ake yanke hukunci a cikinsa: wannan ɗan tsiron da ba a gani sai da madubin bincike, nono zai zama, ko kuwa zaren nan mai naɗewa da itacen ke kama waya da shi. Asalinsu ɗaya ne. Idon da ya sha haske da ɗumi a kwanakin nan, nono yake ƙullawa. Wanda ya zauna a duhu, zare yake bayarwa. Ki duba rumfarki, na tabbata zare ya cika ta.

Wani masanin inabi ɗan Ostireliya, Richard Smart, ya yi suna a kan wannan batu na shigar haske cikin ganye. Ganyen sama yana shanye kusan kashi 90 cikin 100 na hasken da ke da amfani. Na ƙarƙashinsa yana samun wajen kashi 10, na uku kuwa da ƙyar ya ga kashi 1. Ganye na uku da na huɗu ba sa ciyar da kowa, su kansu ba su ƙoshi ba, sai su yi rawaya su zube. Ure kuma abin da yake yi shi ne tura reshe da ganye. Ganye ya yi yawa, idanu suka shiga duhu, nono bai fito ba, ƙarfin da ƴaƴa za su ci ya sake komawa ganye, ke kuma kika ga itace ba ya haihuwa kika ƙara masa taki. Haka abin yake zagayawa shekara da shekaru, kuma na ga gidaje da yawa a Yamai da Tahoua da ke cikin wannan hali.

Ki dakatar da ure gaba ɗaya bana. Takin gida wanda ya ruɓe sosai ya ishe shi, da ɗan tokar murhu nesa da gindi. Ruwa kuma a daina yayyafi safe da yamma, a ba shi ya ƙoshi har ƙasa, sannan a bar saman ƙasar ya sha iska kafin a sake. Ki sa a rage rassan, a bar tazarar tafin hannu tsakanin wannan da wancan, a shimfiɗa su kada su hau juna. Za ki gane reshen kirki da ido: kaurin fensir, zagayayye, launin ƙasa-ƙasa, gaɓoɓinsa kusa da juna. Na inuwa dogo ne, gaɓoɓi nesa, ya daɗe yana kore. Gwajin da nake koya wa kowa shi ne, ki tsaya ƙarƙashin rumfar da tsakar rana ki dubi ƙasa. In kin ga ɗigon rana warwatse ko'ina, daidai ne. In inuwa ce baƙa ƙirin, ta yi kauri.

Sai mangwaron. Ki lura da gefen da yake. A Yamai rana tana bi ta tsakar ka ne a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, amma a Disamba tana karkata kudu sosai, da azahar ma tsayinta bai wuce digiri 53 daga ƙasa ba, alhali tsakar ka digiri 90 ne. Itace ko bene da ke kudu da rumfar, wanda bai dame ki da bazara ba, shi zai tare miki rana duk lokacin ɗari, lokacin da inabin ya fi buƙatarta. In a kudu ko gabas mangwaron yake, a sassabe rassan da suka leƙo. In a yamma yake, ki gode Allah, kariya ce kyauta. Abu na ƙarshe, wasiƙarki ba ta ambaci aski ba, wato yanke rassan inabin. Inabi a kan sabon toho yake haihuwa, wanda ya fito daga reshen da ya ƙosa a zangon baya. Wanda ba a yi masa aski sai ya zama igiya da ganye.

Daga wata ɗaliba a sashen aikin gona, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: Baba, tambayata biyu ce. Na ga baƙin inabi a wata garka a bakin kogi, yana da zaƙi amma launinsa ja-ja ne, wani gefen ma kore, alhali irinsa da ake kawowa daga waje baƙi ne wuluk. Tunda haske ke kawo launi, mu da muke da rana me ya hana? Na biyu, duk takardun da nake samu a kan haske da inabi, na inabin giya ne. Ya dace in ɓata lokacina a kansu?

Ƴata, Allah ya yi miki albarka, tambayar mai lura ce. Haske yana tayar da aikin launi a fatar inabi, wannan haka yake, amma zafi yana kashe shi, kuma a wurinmu tare suke zuwa. An daɗe ana rikita su. A jihar Washinton ta Amurka wasu masu bincike suka raba gardamar a kan irin Merlot, sakamakon ya fito a 2002: suka riƙa hura sanyi ga nonon da ke rana, suka hura ɗumi ga wanda ke inuwa. Na rana da aka sanyaya ya ƙara launi, na inuwa da aka ɗumama ya rage. A Japan kuma, a 2007, aka gwada wani baƙin iri mai suna Cabernet Sauvignon a zafin digiri 35 da na 25, launin na 35 bai kai rabin na 25 ba, kuma aka gano cewa ba hana shi haɗuwa kaɗai zafi ke yi ba, har wanda ya riga ya haɗu yana rushewa. Sanyin dare ma yana da nasa rabo, daren da ya yi sanyi yana taimakon launi, yana kuma tsare tsami. Sukari bai damu da wannan sosai ba, shi ya sa kika ɗanɗana zaƙi kika rasa baƙi.

Amsar tana cikin ƙasarmu. Me ya sa inabin Timiya da garaken tsaunukan Ayar yake fita da kyau, tare da lemu da rumman? Ranarsu ba ta fi tamu sauƙi ba. Tsayi ne, sama da mita 1000, da daren da ke sanyi ƙwarai. Mu da ke ƙasa ba mu da tsauni, amma muna da Disamba da Janairu, zafin rana wajen digiri 30 zuwa 33, dare yana sauka wajen 15. In sauyin launi ya faɗo cikin waɗannan watanni, za ki ga bambanci da idonki. In kuma mai garka ba zai iya saita lokacin ba, shawarata ya dasa farin iri, wanda ba a tambayarsa launi a kasuwa.

Tambayarki ta biyu. Ni Musulmi ne, giya haram ce, ba na sha, ba na kuma ba kowa shawarar yin ta. Amma itacen ɗaya ne da na inabin da Allah ya ambata cikin ni'imominsa a Alƙur'ani, ganyensa ɗaya, idonsa ɗaya. Masu giya ne suka fi zuba kuɗi a binciken, shi ya sa yawancin awon a gonakinsu aka yi. Ki karanta, ki ɗauki abin da zai amfani mai garka, amma ki san inda bukatu suka rabu. Inabin giya ƙananan ƴaƴa ne masu kaurin fata da iri a ciki, ana barinsa har sukari ya kai kashi 22 zuwa 25 cikin 100, kuma abin da suke nema a fata yake: launi, bauri da ƙamshi. Cabernet Sauvignon in ya girma a inuwa yana riƙe wani wari na ɗanyen tattasai, haske ne ke rage shi, don haka suke matsa wa buɗe ganye. Mai inabin ci kuwa manyan ƴaƴa yake so, fata mai tsabta ba tabo, sukari wajen kashi 16 zuwa 18, kuma tabon ƙunar rana ɗaya ya isa ya karya masa farashi. Shi ya sa a ƙasashe masu zafi, kamar kudancin Italiya, a kan rumfa ake ɗora inabin ci, ganye a sama, nono na reto a ƙasa.

Wani abin da zai ƙarfafa miki gwiwa: saboda ɗumamar yanayi, girbin inabi a yankuna da yawa na Faransa ya matso gaba da mako biyu zuwa uku in aka kwatanta da shekarun 1980, sukari yana cika kafin launi da ƙamshi su iso. Matsalar da kika gani a bakin kogi ke nan. Yanzu su ma sun koma binciken ragar inuwa da fesa farar ƙasa a kan ƴaƴa don ta mayar da zafin rana. Ki nemi kuma abin da aka rubuta a kan kwarin São Francisco na Barazil, wajen garin Petrolina, wanda ya fi mu kusa da tsakiyar duniya amma da ban ruwa suna girbe inabi sau biyu a shekara, da kuma Nashik ta Indiya. Jami'arki sunan mutumin da ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana take ɗauke da shi, ina fatan wani daga cikinku ya tsaya a kan abin da wannan rana take yi wa itatuwanmu na marmari.

Daga wani mai sayar da kayan marmari a kasuwar Katako, Yamai: Malam, in na sari inabi ya zo da tsami, zan iya shanya shi a rana ko in rufe shi a kwali ya nuna kamar mangwaro?

A'a, ɗan'uwa. Mangwaro da ayaba suna da sitaci a jikinsu wanda ke juyewa sukari bayan an tsinke. Inabi ba shi da wannan ajiya, sukarinsa daga ganye yake zuwa kullum, da an yanke nonon an yanke hanyar. In ka shanya shi ruwa kawai zai fita, ya yamutse, kilonka ya ragu. Zabibi ma da inabin da ya riga ya nuna ake yinsa. Kafin ka saya, ɗanɗani ɗan da ke can ƙarshen nonon ta ƙasa, ka duba sandar tana kore ba ta bushe ba, ka ajiye kayan a inuwa mai sanyi, kada ka wanke sai za a ci.

Daga wata ƙungiyar masu noman rani kusa da Birnin Ƙonni: Malam, muna so mu gwada inabi a gefen albasarmu. Yaushe ake aski, kuma wane gefe layi zai dosa?

Sannunku da ƙoƙari. Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi. A Turai sanyi ke kwantar da inabi, ganye ya zube, in ɗumi ya dawo idanu su farka tare, mai gona ba shi da zaɓi. A nan ba ya kwanciya da kansa, don haka almakashi da ruwa ne ke tsara masa shekara, ku kuma ku ne masu riƙe da su. Wannan dama ce babba: kuna iya zaɓar watan da ƴaƴan za su nuna.

Manoman Maharashtra a Indiya, masu zafin bazara da damana irin tamu, aski biyu suke yi, girbi ɗaya, kuma shi nake ba ku shawara. Na farko a Afrilu, bayan girbi da ɗan hutu: a yanke rassa ƙwarai a bar ido ɗaya ko biyu, a ba da taki da ruwa sosai. Sabbin rassa za su fito, kuma wajen kwana 45 zuwa 60 bayan askin idanunsu ke ƙulla nonon baɗi. In kun yi a farkon Afrilu, kwanakin nan za su faɗo a Mayu da farkon Yuni, sama a buɗe, kafin gizagizan Agusta. A nan ranar bazara da kowa ke kuka da ita aiki take yi muku, muddin ruwa bai yanke ba. Da damana itacen ba ya ɗauke da ƴaƴa, kuma haka ake so, domin ruwan sama yana fasa nunannen inabi, laima kuma tana kawo cutar da ke cinye ganye. Aikinku a lokacin shi ne tsare ganyen, da maganin feshi na tagulla irin wanda aka sani tun 1885, da rage rassan da suka cunkushe.

Aski na biyu a Oktoba, da ruwa ya ɗauke. Shi ne na ƴaƴa. A bar idanu da yawa a kan kowane reshe da ya ƙosa, musamman ga iri irin Thompson Seedless wanda idanunsa na gindi ba su cika haihuwa ba, a tsinke tsohon ganye. Fure zai zo a Nuwamba, laushi da sauyin launi wajen ƙarshen Disamba zuwa Janairu, girbi a Fabrairu ko farkon Maris, wato wata huɗu zuwa biyar daga aski gwargwadon iri. Kada ku yi sanya. Jinkirin wata ɗaya a Oktoba shi ke kai ku cikin abin da ya samu Alhajin Tadis. Akwai maganin da manyan gonaki ke shafa wa idanu don su farka tare, ana ce masa Dormex. Guba ne mai ƙone fata, Tarayyar Turai ta hana amfani da shi, kada wanda bai samu horo da kayan kariya ba ya taɓa shi. Rage ruwa na ƴan makonni kafin aski da tsinke ganye suna taimakawa.

Batun layi, ni rumfa na fi so muku, tsayin mita 2, don mutum ya yi aiki a tsaye, ganye ya sha rana, ƴaƴa su zauna cikin inuwa mai ratsin haske. In kuɗin ƙarfe da waya bai kai ba kuka yi layi, to ku bar ganyen yamma ya zubo ya rufe nonon. Ku kafa darni ko shingen itace a arewa maso gabas saboda iskar hunturu, wadda ke busar da fure tana sa ganye ya rufe ƙofofinsa. Kun ga amfanin layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Maggiya tun 1975, sai dai a ba su tazara, don saiwarsu da inuwarsu ba sa barin maƙwabci. Ƙurar hazo in ta kwanta a ganye tana rage masa haske, a wanke ta da sassafe lokaci-lokaci, amma ban da kwanakin fure. Kada ku haɗa inabi da albasa a kwami ɗaya, lokacin da ɗaya ke son ruwa ɗayan hutu yake so. Ku tanadi raga tun kafin laushi, don tsuntsu da jemage sun fi ku sanin ranar da zaƙi ya shiga.

Ku fara da gindi 10 ko 20, iri biyu ko uku, fari da baƙi, kada ku sa ran girbin kirki kafin shekara ta uku. Ku sa mutum ɗaya ya riƙe littafi, ya rubuta ranar aski, ranar toho, ranar fure, ranar da ɗan farko ya yi laushi da ranar yanka, ga kowane iri daban. Ku aiko mini da shi bayan girbi, zan buga a wannan fili don masu garka na Madawa da Tabalak su gwada da nasu.